Ciko, Aikin Jijiya Ko Cirewa: Wanne Ya Dace Da Haƙorin Da Ya Yi Kogo?

Yawancin mutane ba sa neman likitan haƙori sai ciwo ya hana su runtsawa, kuma da sun hau kujera maganarsu ɗaya ce: "Likita, a cire shi kawai in huta." Wani lokacin cirewar ce daidai. Sau da yawa kuwa haƙorin da ake neman rabuwa da shi yana da sauran shekaru masu yawa na aiki a gabansa. Hanyoyi uku ne a gaban mai haƙorin da ya ruɓe: a yi masa ciko, a yi aikin jijiya, ko a cire. Tsananin ciwo ba ya raba gardama a tsakaninsu. Tambayoyi biyu ne ke rabawa: ina ruɓar ta kai, kuma me ya rage na lafiyayyen haƙorin da za a iya gini a kansa?

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon da ake gani, inamel, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, ba shi da jijiya, shi ya sa ruɓa ke cin sa wata da watanni mai shi bai sani ba. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai ɗan rawaya-rawaya, wanda ya fi laushi kuma yake cike da ƙananan kafofi masu kai saƙo ciki. A can tsakiya kuma ɓargon haƙori yake, inda jijiyar ji da jijiyoyin jini suke zaune a ɗaki mai bangon da ba ya motsi. Yatsa in ya kumbura yana da inda zai buɗa. Ɓargon haƙori ba shi da shi, sai ya yi ta matse kansa har jinin da ke ciyar da shi ya yanke, ya mutu.

Ruɓar kuma ba tsutsa ke kawo ta ba. Ƙwayoyin bakteriya ne da ke cikin dauɗar da ke manne wa haƙori suke cin sukari su fitar da asid. Da tsamin wurin ya ƙaru har ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5, inamel zai fara narkewa, kuma yawu na buƙatar kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ya mayar da baki yadda yake. Saboda haka mai kurɓar abin zaƙi kaɗan-kaɗan tun safe har dare ya fi cutar da haƙoransa a kan wanda ya shanye a zama ɗaya.

Abin da ciwon ke faɗa

Idan haƙori na amsawa in an sha ruwan sanyi ko abin zaƙi, ya yi tsam na daƙiƙa kaɗan ya wuce, ɓargon ya fusata ne kawai, yana iya farfaɗowa. Wannan haƙorin ciko yake so. Idan ciwon na zarcewa fiye da rabin minti bayan an haɗiye ruwan, ko yana tasowa haka kawai, ko yana zogi da dare in an kwanta, ko abu mai zafi na tayar da shi har sai an guntsi ruwan sanyi ake samun sa'ida, to ɓargon ya wuce gyara. Ciko a kan irin wannan haƙori rufe wuta ne da kara. Abin da ya rage shi ne aikin jijiya ko cirewa.

Mataki na uku shi ne mai yaudara. Bayan kwanaki ana fama, sai ciwon ya ɗauke ɗif, mutum ya ce ya warke. Jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta na nan suna gangarawa ta cikin saiwa zuwa ƙashi, bayan makonni ko watanni sai haƙorin ya fara ciwo in an tauna, mutum ya ji kamar ya fi sauran tsawo, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fashewa yana dawowa, ko kunci ya haye. Likita kan tabbatar ta hanyar ɗora auduga mai tsananin sanyi a haƙorin, ya ƙwanƙwasa shi, ya gwada ko yana girgiɗa, sannan ya ɗauki hoto. A hoton, baƙin tabo a ƙarshen saiwa alama ce cewa cutar ta fara cin ƙashi.

Ciko

Kafin ma a kai ga ciko akwai matakin da ba ya buƙatar inji: farin tabo kamar alli a jikin haƙori, galibi kusa da dasashi, wanda bai ɓurma ba tukuna. Wannan yana iya tsayawa da man goge baki mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, 1,350 zuwa 1,500 ppm (wato kashi cikin miliyan), sau biyu a rana na minti biyu, a tofar da kumfar kada a kurkure, tare da rage yawan lokutan shan zaƙi. Da ya zama rami kuwa, ba ya cikowa da kansa.

Aikin ciko zama ɗaya ne, kamar minti 20 zuwa 40: a yi allurar kashe zafi, a ƙwaƙule ruɓar, a cike. Inda zaɓi yake shi ne abin da za a cike da shi.

Amalgam, wato ciko mai launin azurfa, haɗi ne na azurfa da kuza da jan ƙarfe, kusan rabinsa kuma makuri ne, wato zaiba. Yana da juriya a turame, yakan kai shekara 10 zuwa 15 ko fiye, kuma ɗan danshi ba ya ɓata shi. Aibinsa shi ne ba ya manne wa haƙori, sai an sassaƙa ramin yadda zai riƙe shi, don haka akan taɓa lafiyayyen wuri. Duniya na janyewa daga gare shi saboda illar makuri ga muhalli: Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan makuri, ta nemi a rage amfani da shi, Tarayyar Turai kuma ta hana shi daga 1 ga Janairu 2025 sai in da lalura ta musamman. Ana kauce masa ga masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 15. Amma wanda ke da tsohon amalgam da ke zaune lafiya lau, shawararmu ita ce ya ƙyale shi. Lokacin fasa shi ne tururin makurin ya fi fita, kuma duk ciko da aka canza, ramin ƙara faɗi yake yi.

Farin ciko, kompozit, shi ne mai launin haƙori. Ana shafa wa wurin asid na kamar daƙiƙa 15, a wanke, a shafa gam, sannan a zuba cikon hawa-hawa, kowane hawa bai wuce kaurin milimita 2 ba, ana haska shi da shuɗiyar fitila ya daskare. Saboda yana mannewa, ba a cin haƙori da yawa. Sai dai ɗan gata ne: yawu kaɗan in ya shiga lokacin aiki, mannewar ta lalace, kuma yana ɗan tsukewa yayin daskarewa. Ta siririyar kafar da hakan kan bari a bakinsa sabuwar ruɓa ke shiga, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ingancin farin ciko ya dogara da hannun mai yi fiye da na amalgam.

Na uku, gilas ayonoma, yana manne wa haƙori da kansa, yana sakin fulorayid a hankali, danshi bai cika damunsa ba. Ya dace da haƙoran yara, da ramin da ke wuyan haƙori, da ciko na wucin gadi. A wurin tauna kuwa yana saurin cinyewa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna.

Ɗan amsawa na mako ɗaya ko biyu bayan ciko mai zurfi ba abin tashin hankali ba ne. Idan ka ji haƙorin na riga sauran haɗuwa in ka rufe baki, cikon ya yi tudu, ka koma a goge shi, aikin minti biyu ne, amma barinsa na sa ciwon tauna. Iyakar ciko kuma ita ce girman rami: in ruɓa ta cinye fiye da rabin faɗin wurin tauna, bangayen da suka rage sun yi siriri, wata rana za su ɓalle. Nan hula ta fi dacewa, wato rufin da ake ƙerawa a kifa wa haƙorin gaba ɗaya.

Aikin jijiya

Shi ne wanda likitoci ke kira rut kanal, kuma sunansa ya ɓaci a banza. Ciwon da mutane ke jingina masa ciwon da ya kai su wurin ne. Manufarsa a fitar da ɓargon da ya lalace, a wanke cikin saiwa, a toshe, haƙorin ya ci gaba da zama a ƙashinsa.

Bayan allura, ana keɓe haƙorin da wani shimfiɗin roba da ke hana yawu shiga, ya kuma hana ƙananan kayan aiki faɗawa maƙogwaro. Ana huda saman haƙorin, a nemo hanyoyin da ke cikin saiwoyi, a auna tsawonsu, a buɗa su da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura, ana yi ana wankewa da ruwan haifokulorait, ɗan uwan bilic, wanda ke narkar da ragowar nama ya kashe ƙwayoyin cuta. A gaskiya wannan wankin shi ne zuciyar aikin, ƙarafan hanya kawai suke buɗe masa. In akwai mugunya, akan zuba magani a ciki a rufe na mako ɗaya ko biyu. Daga ƙarshe a cusa wani abu mai kama da roba, gata-paca, har ƙarshen saiwa. Zama ɗaya ne ko biyu, kowanne awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Wahalarsa ta danganta da haƙorin. Na gaba galibi hanya ɗaya gare shi, miƙaƙƙiya. Turmi yana da uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe. Turmin farko na sama ya yi suna wajen ɓoye hanya ta huɗu, siririya kamar gashi, kuma rashin gano ta na cikin manyan dalilan da ke sa ciwo dawowa bayan shekaru. Wani lokaci ƙarfen kan karye a ciki. Duk da haka, kimanin tara cikin goma na haƙoran da aka yi wa aikin suna nan daram bayan shekara 8 zuwa 10, kuma wanda ya gaza ana iya sake buɗe shi a maimaita.

Kuskuren da ya fi yawa daga wajen mai haƙorin yake fitowa. Ciwo ya tafi bayan zaman farko, sai ya ƙi komawa, ya yi ta yawo da cikon wucin gadi har ya zube, ƙwayoyin cuta su koma inda aka kore su. Ko a gama aikin turmi a ƙi sa hula. Turmin da aka huda tsakiyarsa, ruɓa kuma ta riga ta ci gefensa, kamar tukunya ce mai tsaga: ranar da ya ci karo da abu mai tauri sai ya dare biyu har cikin saiwa, daga nan babu sauran dabara. Don haka duk mai lissafin aikin jijiya a turmi ya haɗa da kuɗin hula tun farko. Wanda ya san ba zai iya kai aikin ƙarshe ba, gara ya faɗa wa likita gaskiya a sake shawara. Haƙorin gaba da bai rasa jiki da yawa ba yakan wadatu da farin ciko, ko da yake yana iya yin duhu daga baya.

Cirewa

Akwai haƙoran da ceto ba ya amfanar su. Wanda ya tsage a tsaye har saiwa. Wanda ruɓa ta ci har ƙasan dasashi, ba a bar ko milimita 2 na lafiyayyen jiki kewaye da wuyansa da hula za ta kama ba. Wanda ciwon dasashi ya zaizaye ƙashinsa yana girgiɗa ta ko'ina, don gyaran ciki ba ya tsayar da abin da ƙasarsa ta tafi. Da kuma turmin ƙarshe, haƙorin hankali, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, idan ya fito a karkace yana tara abinci yana ruɓar da maƙwabcinsa. Wannan na ƙarshe ba a cika asarar komai da rashinsa ba.

Cirewa ta fi sauri, ta fi sauƙin kuɗi a ranar, kuma tana kawar da tushen cutar nan take. Saɓanin abin da wasu ke tsoro, cire haƙorin sama ba ya taɓa ido, jijiyoyinsu ba ɗaya ba ne. Haɗarin da ke akwai daban ne: saiwoyin turamen sama na kusa da kogon iska na kunci, akan iya ɓula shi, turmin ƙarshe na ƙasa kuma na kusa da jijiyar da ke ba leɓe ji, taɓa ta na sa leɓen ya yi nauyi na makonni, a wasu 'yan lokuta ma ya dawwama. Dole likita ya san in kana shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendironet, ko an taɓa gasa maka wuya ko muƙamuƙi saboda ciwon daji, ko kana da ciwon suga. Na biyu da na uku na iya hana ƙashi warkewa, kuma ga irin waɗannan mutane aikin jijiya ya fi aminci ko da haƙorin bai da wani kyau. Kada kuma ka dakatar da maganin tsinka jini da ra'ayin kanka.

Bayan cirewa, komai ya rataya ne a kan gudan jinin da ya daskare a ramin. A cije audugar da ƙarfi na minti 30. Awa 24 na farko ba kurkure baki, ba yawan tofi, ba zuƙa da tsinken shan lemo, ba abu mai zafi, ba taba. Daga washegari a riƙa guntsar ruwan ɗumi da aka zuba wa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, a hankali, sau uku ko huɗu a rana. In gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, a rana ta 3 ko ta 4 sai ciwo mai tsanani ya taso yana harbawa kunne, baki na wari. Ya fi samun masu shan taba da waɗanda aka cire wa turmin ƙasa. Maganinsa a koma a wanke ramin a sa masa magani.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Ƙashin da ke riƙe haƙori don haƙorin yake raye, da an cire sai ya fara janyewa. Cikin shekara guda faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi, mafi yawa a watanni ukun farko. Maƙwabtan giɓin kan kwanto ciki, abokin taunarsa na ɗaya muƙamuƙin ya zazzago, tsakanin haƙora ya buɗe abinci ya riƙa maƙalewa. Abin na tafiya a hankali, shi ya sa ba a lura sai an zo cike giɓin a tarar wurin ya tsuke.

Cike giɓin ma zaɓi uku ne. Haƙorin roba na sa-ka-cire shi ne mafi sauƙi, ba ya buƙatar tiyata, amma yana motsi, ƙarfin taunarsa kaɗan ne, sai an cire shi da dare, kuma yana tara dauɗa a jikin haƙoran da ya jingina da su. Gada, wato haƙorin da ake kafawa a giɓin a jingina shi da maƙwabtansa, tana zaune daram, sai dai sai an feƙe haƙora biyu na gefe an sa musu hula, wato an taɓa lafiyayyu biyu don ɗaya. Tana da ma'ana in dama maƙwabtan na da manyan ciko. A haƙoran gaba akwai irin da ake manna ta da fiffike a bayan maƙwabci ba tare da feƙewa sosai ba. Dashe kuma ƙusa ce ta ƙarfen taitaniyam da ake ɗaurawa a ƙashi, fasahar da Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya fara sa wa mutum a 1965. Ana jiran wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta kafin a ɗora haƙori. Ba ya taɓa maƙwabta, ba ya ruɓewa, amma shi ne mafi tsada, yana son isasshen ƙashi, ba a yi wa wanda muƙamuƙinsa bai gama girma ba, kuma taba da sugan da ba a sarrafa ba na kayar da shi. Dasashin da ke kewaye da shi na kamuwa da ciwo kamar na haƙorin gaske. In aka haɗa cirewa da gada ko dashe, lissafin yakan zarce na aikin jijiya da hula.

Ba kowane giɓi ne sai an cike ba. Mai haƙora 20 masu haɗuwa da juna, daga na gaba zuwa ƙananan turame, yana tauna yadda ya kamata. Rasa turmi na biyu a can ƙurya ba daidai yake da rasa turmin farko ba, wanda ke fitowa tun ana shekara 6 kuma shi ke ɗauke da mafi nauyin tauna. Wannan da fiƙa da haƙoran gaba sun cancanci a yi musu wahala. Iyaye da yawa kan ɗauki turmin farkon nan a matsayin haƙorin nono saboda bai ture kowa ba wajen fitowa, su bar shi ya ruɓe suna jiran ya faɗi. Ba zai sake fitowa ba.

Kafin a kai ga likita

Ga babba mai lafiya, ibufurofen miligiram 400 tare da farasitamol miligiram 1,000 sun fi kowannensu shi kaɗai aiki a ciwon haƙori, kada farasitamol ya wuce giram 4 a awa 24. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu ko mai shan maganin tsinka jini ya bar ibufurofen. Kada a danna asfirin a jikin dasashi, ƙona shi yake yi ya bar farin gyambo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, irin su amoksisilin, ba ya warkar da ciwon haƙori: ta jini yake tafiya, mataccen ɓargo kuma jini ba ya shigarsa. Kumburi zai sace na ɗan lokaci, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Amfaninsa sai cutar ta fara yaɗuwa, kuma tare da buɗe haƙorin ko cire shi. Juna biyu ba ta hana ko ɗaya daga cikin ayyukan nan uku, watanni na 4 zuwa 6 sun fi sauƙin zama a kujera, amma ƙurji ba ya jiran haihuwa.

Idan kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya haura ya fara rufe ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko murya ta canza, ko zazzaɓi ya rufe mutum, maganar zaɓi ta ƙare. Kumburin ƙasan harshe na iya toshe numfashi cikin awanni, sashen gaggawa na asibiti za a nufa a daren, ba a jira gari ya waye.